Mahaucin Damanhur

Duk bangon da ka duba a birnin Damanhur sai ka ga hoton Ustaz Shaukat Banhawi, ya turo tumbi gaba, riƙe da jan alƙalami kamar mai shirin yanka rago. A ƙasa an rubuta “Mahaucin Fiziks”. Shi ya raɗa wa kansa sunan, domin ba wanda ya damu ya raɗa masa.

Da can malamin makarantar gwamnati ne, kuma ba laifi, ya san aikinsa. Sai ya lura iyaye ba ilimi suke saye ba, maki suke saye. Ya ajiye aiki, ya kama hayar zauren biki, ya sayi lasifika, ya koma sayar da gajeriyar hanya ga ’yan ajin ƙarshe na sakandare.

Duk hajarsa ba ta wuce dabara ɗaya ba. Ƙwallo biyu sun yi karo. Ka rubuta ƙarfin motsinsu kafin karon, wato rabin nauyi sau gudu sau gudu, ka rubuta na bayan karon. Sai ya ɗaga jan alƙalami ya ce a sari rabi, zauren ya amsa an sara. A sari nauyi, an sara. Layi mai tsawon kamu ya koma ɗan taƙi, yara su yi ta tafi kamar sun ga dabo. Abin da bai taɓa faɗa musu ba shi ne, saran nan ba ya halatta sai nauyin biyu sun zo ɗaya. Shekara da shekaru masu jarrabawa suna kawo ƙwallaye masu nauyi ɗaya, shi kuwa yana cin albarkacin lalacinsu yana kiranta baiwa.

A bana ’yarsa Basant ta kai ajin ƙarshe, kuma ba abin da take so a duniya sai karatun likita, inda maki ɗaya kan hana mutum shiga. Ya zaunar da ita a layin gaba, ba don ƙauna ba, don talla. Kullum sai ya nuna ta ya ce ga jininsa nan, ita ma da wuƙarsa za ta ci.

Wata safiya suna karyawa da dafaffen waken da ake kira ful, ta tambaye shi yadda za ta yi in nauyin bai zo ɗaya ba. Bai ko ɗago kai daga kwano ba.

“Ba za su kawo ba, ’yata. Na san su kamar yunwar cikina. Ke dai sara.”

Ranar jarrabawa kuwa, sai suka kawo. Babbar mota ta bugi ƙarama suka manne, ana neman gudunsu bayan karon. Nauyi ya bambanta, ƙarfin motsi ma wani ya salwanta a lanƙwashewar ƙarfe. Almajiran Mahauci suka zare alƙaluma suka sassare komai, har abin da ba ya saruwa.

Kafin la’asar Mahauci ya fito a bidiyo a wayoyin jama’a yana borin kunya, gumi na tsatsafo masa. Wai tambayar ba ta cikin manhaja, wai maƙiya ne suka shirya masa, wai ko malamin jami’a ba zai warware ta ba. Iyaye da dama suka gaskata shi, domin ya fi musu sauƙi da a ce sun shekara suna biyan maroƙi.

Da ya koma gida ya tarar da Basant a teburin cin abinci, ba ta ko cire kayan makaranta ba. Ba ta yi kuka ba, wannan ne ma ya ɗaga masa hankali. Ya fara yi mata waƙar manhaja, ta tura masa farar takarda.

“Baba, warware mini tambayar in gani.”

Ya so ya ce ba ta yiwuwa. Amma girman kai ba ya barin mutum irinsa ya ce bai iya ba, ko da rashin iyawar ne zai cece shi. Ya zauna. Nauyi sau gudu kafin karo, daidai yake da jimillar nauyin biyu sau gudunsu bayan karo. Layi uku, ga amsa, bai sari ko harafi ɗaya ba.

Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta kalle shi.

“Ashe ka iya, Baba,” ta ce.