Kwanon Ruwan Nezihe

Kakanmu Rustem bai taɓa taka jirgin nan da takalmi ba. Tun yana saurayi, lokacin jirgin ruwan na wata attajira ce mai yawon shaƙatawa, aka ɗauke shi aikin goge katakon daɓensa da yashi da dutse. Da gwamnati ta saye shi ya zama na shugaban ƙasa, aka canza tuta, aka zuba sojoji, shi dai Rustem yana nan a durƙushe, gishirin teku ya cinye masa tafin ƙafa.

Duk ranar da jirgin zai bar Istanbul, kakarmu Nezihe sai ta bi bayan Rustem da kwanon jan ƙarfe cike da ruwa. Yana juya baya ta watsa, kamar yadda kowa ke yi wa matafiyinsa, don ya tafi kamar ruwa ya dawo kamar ruwa. Kuma ya riƙa dawowa, har furfura ta game masa kai.

Shugabanni suka shuɗe. Jirgin ya zama makarantar masu koyon aikin teku, daga baya aka ɗaure shi a gaɓa, tsatsa tana ci. Rustem ya tsufa, amma kullum sai ya dogara sanda ya je ya zauna yana kallonsa.

Wata safiya ya dawo fuska ba annuri.

"Uwargida, yau za su ja jirgin wajen masu yanka ƙarfe. Ɗauko kwanonki."

"Kai tsoho, ka ji tsoron Allah," in ji Nezihe. "Ni mijina nake zuba wa ruwa, ba tulin tsatsa ba."

"In ba a zuba ba, ba zai dawo ba."

"Da can ya taɓa sanin ciwon gwiwarka? Sha shayinka."

Bai sha ba. Ya cika kwanon da kansa ya fita. Bai taɓa yi ba a rayuwarsa, don kullum shi ne mai tafiya. Kafin ya kai gaɓa rabin ruwan ya jiƙe masa wando. Da ya hango an fara jan jirgin, gaggawa ta sa ya ɗaga kwanon zai watsa alhali goshin jirgin yana fuskantarsa. Sai ya ji an riƙe masa hannu.

"A fuska ake zuba wa matafiyi? Korarsa za ka yi?" Nezihe ce, tana haki, mayafi a karkace. "Kawo nan, gwanin teku."

Ta jira har jirgin ya juya musu baya, sannan ta watsa ɗan abin da ya rage. Rustem ya tuɓe takalmansa ya tsaya a kan dutse mai sanyi har jirgin ya ɓace.

Rustem bai ga bazara ba. Ranar da aka fita da makararsa, mahaifiyata ta ga Nezihe a bakin ƙofa da kwanon a cike. Ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ciki ta juye shi a gindin ɓaure.

Jirgin kuwa ba a yanka shi ba. Wani ya gyara shi, ya sake ratsa mashigin tekun Istanbul fari fat. Nezihe ta leƙa ta taga ta ce, "Da rabin kwano ma ya dawo."