Lahadin da Inna ta ɓata a kan dutse

A wancan lokacin muna zaune ne a wani ɗan gari da ke maƙale a jikin dutse, can gaba da Dutsen Alhaji idan an miƙi hanyar Bwari. Titin kwalta ɗaya ne a garin, shi ma a bakin kasuwa ya ƙare, daga nan sai hawa. Gidajen sun bi dutsen kamar matakala, rufin wani daidai da ƙofar wani. Ɗakinmu ciki da falo ne a can sama, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Masu kurar ruwa ba sa iya turo ta zuwa wurinmu, sai dai mu sauka mu ɗauko jarka a ka.

Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti da rodi daga Dei-Dei zuwa duk inda aka tura shi. Wani lokaci ya kwana a gida, wani lokaci mako ya zagayo ban sa shi a ido ba. Ni kuma gyaran kifi nake yi a kasuwar Kado, a rumfar wata madam. Idan mai saye ya zaɓi kifinsa, ni ce mai kankare ɓawo, in farke ciki, in yanka gunduwa-gunduwa, in wanke in ƙulla a leda. Yini nake hannuna a cikin ruwan ƙanƙara. Ko na yi wanka da sabulu mai ƙamshi, idan na shiga motar haya sai na ga na kusa da ni yana sauke gilas.

Haka muke lallaɓa rayuwarmu har ƙanena ya kawo mini Inna, mahaifiyarmu, daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina. 'Yan bindiga sun matsa wa yankin, kowa yana kwashe tsofaffi da yara. Ya ce ta zauna a wurina kafin abubuwa su lafa. Abin da bai faɗa mini ba, ko kuma shi ma bai gane ba, shi ne Inna ta fara rikicewa. Za ta yi sallar azahar, ta shafa addu'a, ta sake tashi ta nemi buta. Za ta ci tuwo ta wanke hannu, can ta tambaye ni ko yau ba a girki a gidan nan. Kullum da safe kuma sai ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna kusa da ƙullin tana jiran motar gida.

Na kai ta asibiti. Likitan, wata matashiya mai fara'a, ta yi mata tambayoyi, ta ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Ta ja mini kunne kada a riƙa barin ta ita kaɗai. Na ce to. Ban tsaya yi mata bayanin cewa kafin rana ta fito nake barin gida ba, kuma sai an yi magariba nake dawowa.

Da farko maƙwabciyata ce ke duba ta. Dattijuwa ce 'yar asalin garin, Gbagyi, kowa Mama yake ce mata. Amma da damina ta kankama sai Mama ta koma gona. Wata rana aka tsinci Inna a bakin kasuwa tana tsayar da masu babur. Wata rana kuma ta ɗora tukunya babu komai a ciki ta kunna wuta, sai da hayaƙi ya fito ta taga mutane suka ankara. Daga nan na sayo kwaɗo. Ina ajiye mata koko da ƙosai, da abincin rana a kula, da ruwa, da fo a bayan ƙofa, in cire tukunyar gas in kai ɗakin Mama, sannan in kulle mahaifiyata ta waje in tafi.

Ba na jin akwai ranar da na sauka dutsen nan ban ji tana bubbuga ƙofar ba. Ba ta ihu. Bugu ne a hankali da tafin hannu, irin na mai sallama a gidan da ba ta sani ba. Ina jin sa har in wuce masallaci, ina jin sa a cikin mota, ina jin sa a Kado ana ciniki a kaina. Yatsuna duk suka cika da yanka, madam tana ta faɗa wai hankalina ba ya wurin aiki. Gaskiyarta ce.

Lahadi kaɗai nake da ita, don madam tana zuwa coci ba a buɗe rumfa. Ranar ce kuma garin yake canja kama. Ma'aikatan ofis suna zuwa daga cikin gari a manyan motoci, da takalman gudu da gorunan ruwa, su hau dutsenmu don motsa jiki, su yi ta ɗaukar hoto. Matan gari su baza gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa a gindin hanya. Ni da Inna mukan bi ta bayan gidanmu, wata 'yar hanyar manoma da ba ta da tsauri, mu hau zuwa wani fa mai faɗi da ke ƙarƙashin wata ɗorawa.

A nan ne kaɗai Inna take samun natsuwa. Akwai dutse a bayan ƙauyenmu, inda take kai awaki tana yarinya, to ta ɗauka shi ne wannan. Sai ta miƙe ƙafa, ta riƙa nuna mini gonakin da ke ƙasa tana faɗin masu su, mutanen da wasu tun kafin a haife ni suka rasu. Ba na musa mata. Ina ɓare mata gyaɗa, ina cewa haka ne, Inna. Ni ma wurin yana yi mini daɗi, iska tana kwashe ƙarnin da ke jikina, kuma babu ƙofa tsakanina da ita.

Ranar da abin ya faru, hadari yana ta haɗuwa ta gabas tun hantsi, amma na ce bari mu ɗan hau mu dawo kafin ya sauko. Muna zaune wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne. A ɗakinmu waya ba ta kamawa sosai, a kan dutsen ma sai an matsa gefen da ke kallon titi. Na tashi na zagaya bayan wani ƙaton dutse don in ji shi da kyau.

Ya ce ƙauyen ya watse. An shigo an kwashe dabbobi, an sa wa rumbuna wuta, wutar ta ci har gidanmu. Ba a rasa rai a danginmu ba, amma babu wanda ya rage a can, shi ma yana raɓe ne da iyalinsa a wata makarantar firamare a cikin gari. Ya ce kada in sa ran maido Inna, ba bana ba, ba baɗi ba. Ya yi ta magana, ni kuma ina tsaye ina kallon motoci ƙanana a kan titi can ƙasa. Duk wahalar da nake sha, abin da ke riƙe da ni shi ne tunanin cewa na ɗan lokaci ne.

Da na dawo gindin ɗorawar, sai takalmanta da ɓawon gyaɗa.

Na kira ta. Na leƙa bayan duwatsu ina tsammanin ta zagaya kama ruwa. Na gangara hanyar gida da gudu, na tarar da kwaɗo yadda na bar shi. Na sake hawa. Na tare masu hawan dutse ina tambayarsu ko sun ga tsohuwa mai shuɗin zani, ba takalmi. Wasu suka girgiza kai suka wuce. Wata mata mai gilashi ta tsaya, ta ce in tura mata hoton Inna ta watsa a waya. Ba ni da hotonta ko ɗaya. Ta ce in je wurin 'yan sanda. Ofishinsu yana can bakin titi, hadari kuwa ya riga ya rufe rabin sama.

Dutsen nan ta gefenmu yana da sauƙi, amma ta baya akwai wuraren da ya yanke tsaf kamar an sa wuƙa, akwai kuma ramukan da masu fasa dutse suka bari, ruwa ya cika su ya yi kore. Wajen ramukan na nufa. Ina leƙa kowanne ina roƙon Allah kada in ga shuɗi. Ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba. Muryata ta dishe, har na daina kiran Inna na koma kiran sunanta na yanka, sunan da ban taɓa furtawa ba tunda aka haife ni, ko za ta amsa shi tunda a ranta ita yarinya ce.

A haka Mama ta same ni, ta taso daga gona da ɗaurin itace a kafaɗa. Ta sauke itacen ta riƙe ni.

"Kar ka yi kuka," in ji ta, da irin Hausarta. "Tsohuwa ba ya hawa sama. Ƙasa zai bi, wurin ruwa."

Ta yi kira da yarensu, manoma suka amsa daga gonaki, wasu maza suka fito da fartanya a hannu. Muka rarrabu muka gangara ta baya, ta cikin dawa da ta fi tsayina. Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo masu zafi a fata, sannan ya tsuge gaba ɗaya. Ƙasa ta koma santsi. Na faɗi na tashi, na sake faɗi. Abin da ke raina rafin da ke ƙasa ne, don na san yadda yake cika cikin ƙanƙanin lokaci idan an yi ruwa a kan dutse.

A can muka same ta. Tana tsaye a cikin rafin, ruwa ya kai mata gwiwa, ta riƙe reshen wata bishiya da ta sunkuyo, ta kasa gaba ta kasa baya. Ruwan ya riga ya yi ja yana tafe da karare. Mazan suka shiga suka ɗauko ta cak kamar yarinya, suka ajiye ta a kan tudu. Tafin ƙafarta duk ƙaya da jini.

Na durƙusa na kwance zanina na sama na lulluɓa mata. Ta dube ni, kallo na sosai, irin wanda rabona da shi tun zuwanta. Ta shafa fuskata, ta kama hannuna ta juya shi tana duba yankan da ke yatsuna.

"'Yar nan, kin rame," ta ce. "Na ɗora miki nauyi. Ki mai da ni gida ki huta, ga shi can ƙetaren ruwa. Ɗakina yana nan, ba abin da zan nema a wurin kowa."

Na ce sai ruwa ya janye, Inna. Ta gyaɗa kai, ta ce haka ne, ba a ƙetare shi yana ja.

Goya ta na yi muka hau, Mama tana tallafe da ita ta baya. Zazzaɓi ya rufe ta kwana da kwanaki, ban iya zuwa Kado ba. Ranar da na koma na tarar da wata a kan kujerata da wuƙata a hannu. Madam ta ce ba ta ƙi ni ba, amma kifi ba ya jira. Na tsaya a bakin kasuwar na rasa inda zan sa kaina, sannan na hau mota na dawo.

Da maigidana ya dawo daga tafiya na zayyana masa komai. Mutum ne marar yawan magana. Ya samo mini rabin duro da ragar ƙarfe, ya ce in gwada bandar tarwaɗa a ƙofar gida, ko ba komai ina ganin ta tana ganina. Da Lahadi ta zo kuma ya ce ba za a sake hawa dutse ba, mu shirya. Ya ari motar wani abokinsa ya kai mu Dei-Dei, kasuwar dabbobi, wai a can ne ya san za ta ji Hausar gida.

Tun daga bakin kara, da warin dabbobi ya buge ta, Inna ta gyara zama. Ta sauka ta shiga cikin awaki tana taɓa bayansu, tana buɗe bakin wata tana duba haƙora. Wani dattijo dillali ya ji maganarta ya tambaye ta daga ina. Da ta faɗi sunan ƙauyen sai na ga fuskarsa ta canja, ashe mutumin yankin ne. Ya shimfiɗa mata buhu, suka gaisa doguwar gaisuwa. Ta tambaye shi ruwa, ta tambaye shi ko gero ya fara fitar da kai.

Ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Ruwa alhamdulillahi, Hajiya," ya ce. "Gero ya yi kyau bana."

Ta yi murna, ta ce dama ta faɗa. Suka ci gaba da hira har la'asar, yana bin ta duk inda ta nufa da zancen. Da za mu tafi ya raka mu mota, ya ce wa maigidana a riƙa kawo ta, shi ma ya daɗe bai sami wanda zai yi zancen garin da shi kamar yana nan yadda yake ba.

A hanyar komawa ta yi barci a kafaɗata, bakinta a ɗan buɗe. Maigidana ya kashe rediyo. Ni kuwa ina ta tunanin inda zan samo itacen banda busasshe a tsakiyar damina, da kuma wanda zai hawo har saman dutse don ya sayi kifi.