Kwalbar cikowar da ta bar min ciwon suga

Edita, sannu da aiki. Lokacin da abin nan ya same ni, ɗaliba ce ni a Manchester, ina zaune a Fallowfield, siririya kamar tsinken tsintsiya, amma lafiyata ƙalau. Aurena da wanda nake so ya gabato, sai mahaifiyarsa ta ga hotona ta ce anya yarinyar nan ana cin abinci a Turai kuwa. Da wasa ta faɗa, amma maganar ta tsaya min a rai. Wata ƙawata ta haɗa ni da wata Hajiya a Balsall Heath, can Birmingham, mai haɗa wa amare maganin cikowa. Ta tarbe ni da 'yata-'yata, ta miƙo min kwalba mai kama da zuma, ta rantse da Allah hulba ce da dabino da riɗi kawai.

Abokiyar zamana a flat Baturkiya ce, tana bincike a jami'a kan BMI, wato lissafin tsayi da nauyi da likita ke yi don ya gane ko ƙiba ta kai hatsari. Kullum ƙorafinta shi ne da jikin Turawa aka tsara ma'aunin, ita kuma so take a samar wa matasan ƙasarsu nasu layin, don jiki ba ɗaya ba ne. Ni dai rabi nake ji, ina wanke-wanke. Da na fara cika, GP, wato likitan unguwarmu, ya ɗora ni a sikeli ya ce nauyin nan ya hau da gudu, kuma na kusa layin hatsari. A tsorace na kira Hajiya, har na ba ta labarin aikin Baturkiyar. Caraf ta cafke. Ta ce ai shi ke nan, ko mai boko ta shaida sikelin Bature ba namu ba ne, mu ƙashinmu nauyi gare shi, in ƙara cokali da safe. Na ƙara.

Fuskata ta koma kamar faranti, nankarwa ta tsattsaga min cinya da damtse, ga ƙishirwar da ko tulu na shanye ba ta tafiya. Baturkiyar ce ta tsare ni a kicin da kwalbar a hannunta. Na ce mata ai ita da bakinta ta ce layin ba ɗaya ba ne. Ta dafe kai. Ta ce gaskiya ne, amma na taɓa tambayarta ta ina ya bambanta? Ta ce mu 'yan Afirka likitocin nan ƙasa suke sauke mana layin, ba sama ba, don suga ya fi saurin kama mu. Ita ta ja ni zuwa GP da kwalbar. Ashe ƙwayar asibiti ce mai kumbura jiki aka daka a ciki, kuma suga ya riga ya kama ni. Dole aka ɗaga biki. Da na kira Hajiya ina kuka, cewa ta yi ciwon suga gado ne, in bincika danginmu, ta kashe waya. Wallahi wannan ya fi ciwon ƙona min rai.

Ban yi hayaniya ba, jira na yi, don an ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Sai ga taron suna a unguwar su Hajiya, inda na san za ta jera kwalabenta a gefen kafet. Na zauna daidai gabanta. Da aka kawo waina, na ciro abin gwajin suga na huda yatsana kowa na kallo, na naɗe hannun riga kowa ya ga nankarwa, na ajiye tsohon hotona a tsakiyar mata, sannan na faɗi komai ban ɗaga murya ba. Wata uwa da ta saya wa 'yarta yanzun nan ta mayar da kwalbar gaban ƙafar Hajiya, sauran suka bi sahu. Hajiya ta sunkuyo tana raɗa min in rufa mata asiri don Allah. Na ce mata ta makara, ragowar kwalbata tana hannun council, wato hukumar gari.

Dattawa sun yi ta kira, wai dukkanmu baƙi ne a ƙasar nan, bai kamata mu tona wa juna asiri gaban Bature ba. Na tambaye su ina suke lokacin da take daka wa 'ya'yan mutane ƙwaya. An yi aurena daga baya, amma ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

'Yan'uwana mata, in an ce muku ma'aunin Bature ba namu ba ne, ku tambayi likita ta wane gefe ya bambanta, kada ku tambayi mai kwalba. Kuma kada wasan surukuwa ya raba ku da jikin da Allah ya ba ku. Hajiya kasuwa kawai ta rasa. Ni kuwa har yau sai na huda yatsana kafin na karya kumallo.