Ranar da Aka Tambayi Ngozi Garinsu

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ranar da muka kare zanenmu na ƙarshe a makarantar fasaha a Birnin Kebbi ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, dab da a raba ta, ina ajin ƙarshe na ƙaramar difloma a sashen zanen gine-gine. Tunda kun ce in ba ku labari kafin in ajiye aiki, wannan zan ba ku, ko da yake ba mai daɗi ba ne.

Ga waɗanda ba su yi karatun ba, ga yadda tsarin yake. A zango na biyu kowane ɗalibi zai zaɓi gini guda, ya je ya auna fili, ya zana ginin tun daga tushe har rufi, ya kuma haɗa ɗan samfurinsa da kwali. Ƙarshen zango sai a kafe zanen a bango, ɗalibi ya tsaya gaban malamai da baƙi suna yi masa tambayoyi. Wannan zaman shi muke kira juri. A shekarar an sanar da mu cewa wanda ya zo na ɗaya za a ɗauke shi aikin gwamnati, a kuma tura shi babbar difloma.

Ƙarshen zangon ya faɗo tsakiyar bazara. Ɗakin zane kamar tanda. Tsumma muke ɗaurawa a wuyan hannu don kada gumi ya ɗiga a kan tawada ya ɓata aikin mako guda. Ni asibitin ƙauye na zana, irin wanda kowa ke zanawa. Aikin ba laifi, amma ba abin a zo a gani ba ne.

Mace ɗaya ce a ajinmu, sunanta Ngozi. Mahaifinta mutumin kudu ne, yana sayar da kwanon rufi da ƙusa a kasuwa. A Birnin Kebbi aka haife ta, a nan ta yi karatu, in tana magana bayan labule za ka rantse Bakabiya ce. Ita rumfa ta zaɓi ta zana wa matan da ke bandar kifi a Argungu. Duk ƙarshen mako sai ta hau mota ta tafi can. Sau ɗaya na raka ta don in riƙe mata abin awo, a nan na ga shugabar matan, wata dattijuwa Inna Hajo, wadda hayaƙi ya mayar da idanunta jajur.

“Ɗiyata,” in ji Inna Hajo, “in dai kin raba mu da hayaƙin ga, kin gama muna komi.”

“Sai kin taimake ni, Inna,” in ji Ngozi. “Gwada min inda iska ka hitowa da sahe, da inda take komawa da marece.”

Abin da ta zana ke nan: rufi mai hawa biyu wanda hayaƙi zai bi ta tsakani ya fice sama, murhu daidai ƙugu don mata su daina duƙawa, da inuwa nesa da wuta inda za a kwantar da jarirai. Duk wanda ya leƙa allonta sai ya koma nasa jiki a sanyaye.

Ranar juri, wani babban jami’i ya zo daga Sakkwato don ya ga wanda za a ɗauka. Ya daɗe tsaye gaban zanenta. Ya yi tambaya kan damina, ta amsa. Ya yi kan gobara, ta amsa. Har ya ce madalla. Sannan ya dubi sunan da ke ƙasan takardar.

“Ke ’yar ina ce?”

“Birnin Kebbi, ranka ya daɗe.”

“A’a, garinku nake tambaya.”

“Nan anka haihe ni, yallaɓai. Ban san wani gari ba kamar wanga.”

“To mahaifinki fa?”

Ta faɗi sunan jiharsu. Ya rufe alƙalaminsa ya sa a aljihu, ya ce a kira na gaba. 

Da sakamako ya fito, Ngozi ce ta ɗaya, ni na biyu. Amma ni aka ba gurbin. Na tafi ofishin shugaban sashe raina a ɓace.

“Malam, ai ba ni na zo na ɗaya ba.”

“Na sani, Garba, ni na ba da makin,” ya ce, bai ɗago kai ba. “An ce gurbin na ɗan jiha ne. In ka ƙi, na uku za a ba, ba ita ba. Ka yi tunanin tsohonka.”

Tsohona manomin shinkafa ne a Gulma, ƙannena duk ni suke kallo. Na karɓa.

Kafin in tafi Sakkwato na je shagon mahaifinta. Na tarar da ita tana auna wa wani kafinta ƙusa. Ta yi mini murna, ba ta nuna mini komai a fuska ba. Sai da na tashi tafiya ta shiga ciki ta fito da zanenta a naɗe.

“Garba, ba kai kab ɓata min ba,” ta ce. “Amma da sun hwaɗa tun hwarko cewa sai ɗan jiha za su ɗauka, da ban sa tsohuwar nan ta sa rai ba. Ungo. Tunda kai za su saurara, ka sa a gina musu.”

Na kai zanen wurin aiki. Na bi shi ofis zuwa ofis. Wannan ya ce a jira, wancan ya ce masu kifi ba su cikin tsari. Daga baya na same shi a sito, gara ta cinye rabinsa. Inna Hajo ta rasu bayan hayaƙi ya makantar da ita. Ngozi ta je jihar mahaifinta neman aiki, can ma aka ce ba wanda ya san ta, wai ta koma wa mutanenta na Arewa. Ta dawo shago. Tun daga nan ban ƙara jin ta riƙe alƙalamin zane ba.

A aji an koya mana cewa zane shi ke magana da bakinsa. Ranar nan na gane sai waɗanda ke zaune a teburin juri sun ga dama suke jin sa. Ba Ngozi kaɗai aka cuta ba. An cuci matan Argungu, ’yan jihar da ake cewa dominsu ake yi. Ni kuwa na gama aikina ina sa hannu a kan zane daga kujerar da na san ba tawa ba ce, kuma ba girman da aka ƙara mini da ya goge wannan.

Gobe ku ne za ku zauna a teburin. In yaro ya kafe zanensa a gabanku, ku gama kallon ginin, ku yanke hukunci, kafin idonku ya sauka kan sunan da ke ƙasa.