Kujerar Iya a Bangon Falona

A bangon falona da ke Samaru akwai zanen fentin ruwa na wata tsohuwar kujerar katako. Ngozi ce ta zana, 'yar maƙwabtanmu a Sabon Gari, lokacin tana koyon zane a jami'a. Ta fito da komai: baƙin maɗaci da ya sha hannu har yana sheƙi, sassaƙar dagi a jingina, har da ƙafar da wuta ta lasa. Duk sanda na kalle shi sai raina ya yi daɗi, sannan ya ɓaci.

Kujerar kakata ce, Iya. Da an idar da magariba za ta jawo ta bakin murhu, mu yaran layi mu kewaye ta, Ngozi a cikinmu.

“Ga ta nan ta iso, mai surutu ya koma gidan uwarsa,” haka take farawa.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wani magaji ne ya ga gadon ubansa ya tsufa, ya faskara shi ya dafa wa baƙi abinci. Baƙi suka ci suka yi nak, sai babbansu ya ce, “Nuna mana abin da ubanka ya bari, mu san ɗan wane ne kai.” Ya duba ɗaki, ya duba tsakar gida, ya ɗebo musu toka a tafin hannu.

“Sakarai!” in ji Iya, tana dukan hannun kujera. Mu yi ta dariya.

Ashe sakaran a gidanmu yake. Ranar sadakar bakwai ɗin Iya itace ya yanke wa masu tuwo. Kawu Sale, autanta, ya ce ai an kawo kujerun roba, a faskara wannan tarkacen. Kafin in dawo daga aike kujerar Iya ta shige ƙarƙashin tukunya. Wallahi ban ci tuwon nan ba. Da Ngozi ta ji, ita ta ciro zanen daga jakarta ta kawo mini.

A da ina jin tatsuniyar wauta ce kawai. Sai bara da Kawu ya zo duba ni na gane mantuwa take nufi. Ya tsaya gaban zanen, ya gyara tabarau.

“Kai, Binta, kujeran nan na manya ne! A ina ake samun irinsa?”

Ƙanen uwata ne. Sai kawai na ce, “An daina yi, Kawu.”