Butar Kawu

Jiya a mahaɗar Sainte-Rita fitilar man inji ta kama a motata, sai na yi ta dariya ni kaɗai, don marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon direba, hannunsa kullum da ƙanshin goro da warin baƙin mai. Fitilar nan buta yake ce mata, saboda siffarta.

Wata Babbar Sallah na kwaso iyali daga Zongo za mu bakin teku a Fidjrossè, shi yana gidan gaba. Ba mu yi nisa ba ya dafa hannuna.

"Tsaya, ɗana. Tun yaushe butar nan ta yi ja?"

"Kwana uku kacal, Kawu."

"Kacal? Rawaya tunatarwa ce, ja kuwa ihu ne!"

Ya sauka da sabuwar shaddarsa, ya zaro ma'aunin mai, ya murza a yatsu. Man ya yi baƙi ƙirin, saura ɗan kaɗan. Makanike ya ce da mun ƙara gaba, da injin ya ƙone.

A bencin garejin muka cinye naman Sallah, Kawu yana tauna yana rubuta mini kilomitar juyen mai na gaba a jikin kwalin sukari.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa.