Tseren Mudallabi a Jiƙaƙƙiyar Kwalta

A tashar Maigatari har yau akwai masu rantsuwa wai Abdulmuttalib, wanda kowa ke kira Mudallabi, da kansa ya kai ƙafarsa ta dama kasuwar Alhamis, ya tsayar da ita a layin tumaki, wani mutumin Damagaram ya taya, shi kuma ya sallama. Ƙarya ce tsagwaronta. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, na san ƙafar nan tun tana yawo ba takalmi. Kaushi da faso sun riga sun cinye rabinta, ko kyauta aka ba mutum sai ya nemi a haɗa masa da sabulu. Tirela ce ta ɗauke ta wata Laraba da hantsi, ba ta kuma yi ciniki da kowa ba.

Shekara goma sha tara Mudallabi ya yi a kan babur, yana jigilar kaya tsakanin Maigatari da ƙauyukan tsallaken iyaka. An ce ya taɓa ɗaura buhu shida da tunkiya da mai tunkiyar. Duk karatunsa na rairayi ne. Ka rage iskar taya, kada ka kusanci birki, in kana son tsayawa ka saki totur, ƙasa ce za ta riƙe ka. Ranar da aka yi ruwa kuwa ranar sallarsa ce, don yashi kan kwanta ya yi tauri, abin da yake sawu ɗaya sai ya yi uku. Kwalta tsallaka ta kawai yake yi, a wurin tsallakawar ne ma tirelar ta same shi.

Wata takwas ya yi a kwance. Matarsa Sabuwa ta kafa kaskon awara a ƙofar gida, da shi ake ciyar da yara biyar da uban yaran. Ƙarar man nan in ya tafasa, ya ce min ta fi dungulmin ƙafar ciwo.

Da ya fara dogara sanda sai ya nufi Alhaji Habibullah, mai kekunan ɗaukar kaya a tasha, wanda ya sayo sabo yana neman direba.

"Ranka ya daɗe, ni ne direban."

Alhaji ya dubi inda wandon ya ƙare a naɗe. "Mudallabi, keke birkinsa a ƙafar dama yake."

"Sai in mai da shi hannu."

"In gani tukuna. Kayan mutane ake ɗauka, ba tausayi ba."

To, kanikawa da 'yan waldan Gumel suna da wani wasa. Sukan ƙera ƙananan motoci masu tsayin tabarma da injin babur, su yi tsere a wata unguwa bayan gari inda aka shimfiɗa kwalta aka manta da gina gidajen. Alhaji ya ce a can za a gwada. Zagaye biyar, ya tsaya cak a kan layi da birkin hannun nan, ko da shi ne na ƙarshe, makulli nasa ne.

Mudallabi ya ciro injin tsohon babur ɗinsa, wanda ya fi mai shi sa'a a hatsarin. Ya sa aka yanka gadon ƙarfen Sabuwa na aure aka yi gangar jiki. Ya samo kujerar roba ya guntule mata ƙafafu, ya ce kada ta raina shi. Birkin ya jawo shi da waya zuwa gefen sitiyari. Sati uku yana gwaji a rairayin bayan gidansu, kaji suka yi ƙaura daga unguwar.

Ranar tseren motoci bakwai suka jeru. Kafin a tashi, al'adarsu ce direbobi su taka hanyar da ƙafa, su ƙirga kwana, su ga inda kwalta ta zaizaye. Duk suka tafi, Mudallabi na zaune a kujerarsa. Usaini mai walda, wanda ya yi masa aikin gadon, shi ma yana cikin masu tseren, ya dawo da babur.

"Yaya Mudallabi, hau in zagaya da kai. Akwai muguwar kwana bayan tankin ruwa."

"Ni da na tuƙa inda babu hanya, yau za a nuna min hanya?"

Ba wannan ne dalilin ba. Alhaji na zaune ƙarƙashin rumfa yana kallo, hawa babur kuma sai an tallafo shi ta hammata an ɗora. Bai so mai makulli ya ga ana ɗaukarsa kamar buhu.

Suna dawowa hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya zuba na ɗan lokaci ya ɗauke. Kwalta ta yi baƙi tana sheƙi. Mutum biyu suka ture motocinsu gefe suka ce ba da su ba. Sauran suka yi tsuru-tsuru. Mudallabi kaɗai ke washe baki. Ya sunkuya ya rage iskar tayoyinsa, zuciyarsa na gaya masa Allah ne ya aiko masa da hanya. Na ƙarshe ma ya ishe shi, ya sani. Amma mutumin da ya shekara ana ce masa sannu, ga ruwa ya sauka, ga tsorata a fuskar masu ƙafa bibbiyu, ina zai yarda da na ƙarshe?

Zagayen farko yana baya, ruwan tayar na gabansa na watsa masa a ido, inda suka karya nan yake karyawa, har kwanar tankin ya wuce bai san ya wuce ta ba. A na biyu, da suka fito miƙaƙƙiya, ya matsa totur. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce uku, ya wuce motar Usaini, Usainin yana ɗaga masa hannu yana ihun da ba ya ji. Sai ga shi a gaba, babu bayan kowa da zai bi.

Tankin ya taso masa, hanya ta karye hagu. Ya saki totur yana jiran ƙasa ta riƙe shi kamar yadda ta saba shekara goma sha tara. Ba ta riƙe shi ba. Motar ta ci gaba da sulɓi kamar an shafa mata mai. Dungulmin ƙafarsa ya zabura yana neman birkin da babu, kafin hannu ya tuna aikinsa ne an makara. Ya damƙe wayar gaba ɗaya. Tayoyin baya suka ƙame, motar ta juya sau biyu, ta daki bakin kwalbati, ta kife a kan hannunsa na dama.

Da aka zaro shi bai yi ƙara ba, rumfa yake kallo. Alhaji ya taso a hankali, ya tattare babbar rigarsa saboda caɓi, ya ce, "Sannu, Mudallabi. Allah ya tsare gaba." Makullin da yake ta kaɗawa a yatsa tun safe ya koma aljihu. Kafin Alhamis ta zagayo wani ne ke jan keken.

Na je duba shi bayan kwana goma. Mai ɗori ya ɗaure tsintsiyar hannun da karare, ya ce ko ta warke da wuya yatsun su ƙara damƙa kamar da. Sabuwa na ƙofar gida tana suya, a tabarma suke kwana yanzu. Shi kuma na same shi a tsakar gida, ya danne injin da gwiwarsa ɗaya, yana kokawa da noti da hannun hagu. Ni abokin wasansa ne, in na yi masa sannu kamar kowa, ya san ya gama ke nan.

Na ce, "Sarkin tsere! Saura ƙafa ɗaya da hannu ɗaya. Baɗi da me za ka ja birkin, da haƙori?"

Bai ɗago ba.

"Kai da Allah ya bar wa huɗun cif, shekara arba'in ko na ƙarshe ba ka taɓa zuwa ba, kullum kana bakin hanya kana baki. Riƙe min notin nan, in ga ko hannun naka na da wani amfani ban da kai loma."